Idan Hanya Ta Yanke, Ina Ratse?

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙauyukan da ke tsakanin Buza da Keita ya san kowane gari da wurin rezonsa. A garin da nake aiki, wani tudun duwatsu ne bayan filin idi. Da la'asar ta yi za ka ga mutane sun hau, kowa ya ɗaga salula sama kamar mai duban wata, wannan na kiran Libiya, wancan Legas, wancan Abijan. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai jiran saƙon ɗa ko na miji ba. Shi ya sa a wurinmu maganar rezo maganar tuwon dare ce.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai cika mako ba, kakar wani ɗalibina ta same ni a bakin lakwal. Ɗanta da ke Abijan ya yi mata alkawarin kuɗin gero da sukari, ya ce a ranar zai turo lambar da za ta kai Buza a ba ta kuɗin. Ba ta da babbar waya, ta tawa suke magana. Ta ce, "Mushe, hau mini tudun nan ka dubo, ko yaron ya yi magana." Na hau. Rezo akwai, ko da yake yana jan ƙafa. Na aika masa saƙo ta WhatsApp, saƙon ya tsaya da alama ɗaya. Na juya ɗaya SIM ɗin, haka nan. Na sauko na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wayarsa a kashe take." Ashe ƙarya na yi wa yaron ban sani ba. Wayarsa a kunne take, yana can yana dannawa kamar yadda nake dannawa.

Sai ranar Asabar kuɗin suka iso, kuma ba ta inda muke dako ba. Yaron ya kai su wurin wani ɗan Adar mai karɓar albasa a Abijan, shi kuma ya yi ta gwadawa har kiran baki ya shiga zuwa ga ubangidansa a Galmi. Alhajin ya ƙirga kuɗin ya ba direba mai zuwa Madawa, daga Madawa ɗan kabu-kabu ya ƙaraso da su. Hannu huɗu, kwana biyu, an kuma cire ɗan abin mai. Amma tsohuwa ta sha ruwa da kununta.

Abin da ya faru a waccan Alhamis daga baya muka ji a rediyo. Manyan igiyoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace kusan lokaci guda daura da gaɓar Kwaddibuwa, kuma abin da aka fi zato shi ne ƙasa ce ta zaftare a ƙasan tekun. Ƙasashe fiye da 10 suka ji a jikinsu. Kwaddibuwa ta kusa mutuwa ɗungurungum, Laberiya da Benin da Gana suka sha wuya, a Najeriya mutane suka kasa tura kuɗi ta bankuna. Gyaran ya ci makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya laluɓo igiyar ya ɗago ta. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu wata hanyar da ba ta bi ta wurin da ƙasar ta zaftare ba, ko ta bi amma ta tsira, kamar igiyar Equiano ta kamfanin Google wadda ta sauka a Lome da Legas a 2022. Can aka riƙa karkata kaya har aka samu sauƙi.

A lura da wannan: igiya huɗu, masu su daban-daban, kowane kamfani yana ganin ya yi tanadi tunda ya sayi wuri a igiya biyu ko uku. Amma duk huɗun ta lungu ɗaya suka ratsa. Ra'ayina ke nan a wannan rubutu. Hanya ta biyu ba ta amsa sunanta sai in ba ta haɗa wuya da ta farko ba, kuma sai in an gina ta an gwada ta tun ana zaman lafiya. Mu a Nijar, musamman mu na bayan kwalta, yawancin abin da muke kira hanya ta biyu hanya ɗaya ce aka yi mata suna biyu.

Bari in ɗan koma aikina na malami, domin sai an gane yadda abin yake tafiya kafin a gane inda yake karyewa. Saƙon da ka aika ba ya tafiya dunƙule. Ana yanka shi ƙananan ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli ɗauke da adireshin inda za shi, kamar yadda ake rubuta alamar mai kaya a jikin buhun albasa. Buhunan mutum ɗaya suna iya shiga motoci uku, in sun isa a tara masa su wuri guda. A kowace mararraba akwai na'urar da aikinta kawai ta dubi adireshi ta ce bi nan. Na'urorin nan suna sanar da juna dare da rana wace hanya ce a buɗe, wace ce ta toshe. Da zarar wata ta yi shiru, sai maƙwabtanta su goge ta daga lissafi su miƙa kaya ta wata mararrabar, ba tare da sun jira umurnin kowa ba. Mai wayar ma sau da yawa ba ya sanin an yi ratse da shi, iyaka ya ga hoto ya ɗan daɗe kafin ya buɗe.

Wannan dabara tana cikin tushen intanet tun asali. A 1964, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zaman doya da manja, wani injiniya a Amurka mai suna Paul Baran ya wallafa nazarinsa kan yadda za a gina hanyar sadarwar da za ta ci gaba da aiki ko an ragargaza wani sashenta. Ya yi zane uku. A na farko kowa ya ɗaure da cibiya guda. A na biyu akwai ƙananan cibiyoyi da ke ɗaure da babba. A na uku kowane ƙulli yana riƙe da maƙwabtansa uku ko huɗu, kamar ragar ɗaukar kaya, in zare ɗaya ya tsinke sauran na riƙe. Na taɓa zana su a allo ga ƴan aji shida, na ce wanne ya yi kama da mu? Wata yarinya ta nuna na farko ta ce, "Mushe, wannan ai rijiyar garinmu ce." Ta fi ni iya bayani. Ranar da rijiyar ta rufta, kowace hanya a garin ta zama banza.

Har a cikin wayarka ana wannan ratsen. Idan ka kira mutum ta WhatsApp, wayoyin biyu kan gwada haɗuwa kai tsaye. In wani shinge ya hana, sai kiran ya bi ta wata babbar kwamfutar kamfanin, ta karɓi muryarka ta miƙa masa, ta karɓi tasa ta miƙo maka. Ni zango nake kiran irin wannan wuri, domin aikinsa ke nan: inda fatake ke yada kaya su sake ɗauka in tafiya ba ta yiwu a miƙe ba. Alhajin Galmi zango ya zama mana a waccan Asabar.

Direbobinmu sun san wannan tun ba a haifi intanet ba. Mai zuwa Tawa daga Madawa, idan damina ta yi ƙarfi ruwa ya yanke hanyar Buza da Keita, sai ya hau kwalta ta Galmi da Malbaza, ya karya a Tsarnawa ya nufi arewa ta Badagishiri. Ta fi nisa, ta fi shan mai, fasinja na ta tsaki, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara. Abin da ya sa wannan ratse yake da amfani shi ne babu gada ko ɗaya da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kanta.

To mu dubi aljihunmu. Da yawanmu muna yawo da SIM biyu, wasu uku, muna ganin mun yi dabara. Sau nawa a garinmu duka suke ɗaukewa a minti ɗaya su dawo a minti ɗaya? Ba na iya ƙirgawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni kan yi tarayya a turke guda, ko kowa da turkensa amma wuta ɗaya suke sha, ko kuma duk su zuba kayansu a igiyar da ke binne gefen kwalta ɗaya, wadda mai haƙa ko ambaliya ke iya tsinkewa. Turakun karkara kuwa galibi a jere suke, wannan ya miƙa wa wancan ta iska, kamar masu miƙon ƙasa a wurin gini. In na tsakiya ya rasa man injinsa, duk na bayansa sun tsaya da hannu a miƙe, ko da batirinsu a cike yake. Mu da ke ƙarshen layi, kowace matsala ta gaba tamu ce.

Ƙasar ma kanta haka ta daɗe tana zaune. Nijar ba ta da teku, duk abin da za mu samu na intanet ta igiya sai ya ratso gidan wani. A ƙarshen watan Yuli na 2009 igiyar SAT-3 ta samu matsala a reshenta na Benin. Benin ɗin, mai igiyar, ta samu ta karkata ta wajen maƙwabta, amma Nijar da Togo da suka rataya a wuyanta suka shiga duhu. Wanda ya kai shekaruna zai tuna lokacin, ko da yake a ƙauye ba mu damu sosai ba, domin a lokacin wasiƙa da kaset ne ke kai saƙon ƴan ci-rani. Yau babu kaset.

Kuma darasin bai tsaya ga intanet ba. Bayan 26 ga Yuli 2023, da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Iyakar Benin ta rufe, tashar Kwatano da yawancin kayanmu ke bi ta zama ba tamu ba, aka koma Lome ta cikin Burkina Faso, motoci na tafiya a ayari da rakiyar soja. Kaya sun iso, amma kowa ya ga yadda buhun shinkafa ya tashi. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasar wancan lokaci, abu ɗaya ba a musu a kansa: ratsen da aka nema bayan hanya ta riga ta yanke ya fi kowane tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a ranar muka yi ta fafe-fafe.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Aikin igiyar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a cikinsa, ya tanadi fiye da kilomita 1,000 a cikin Nijar, da bakuna zuwa iyakoki daban-daban: ta Arlit da Asamaka zuwa Aljeriya, ta Difa da Gigimi zuwa Chadi, ta Magarya zuwa Najeriya, ta Gaya zuwa Benin, ta Makalondi zuwa Burkina Faso. A cikinsu wanda ya fi burge ni shi ne na Aljeriya, domin yana kai mu wani teku daban, Bahar Rum. Duk zaftarewar da za a yi a gaɓar Abijan ba ta isa can. Wannan shi ne ratse na gaskiya, kuma wanda ya yi tunaninsa ya cancanci yabo.

Sai dai ƙofa biyar a bakin iyaka ba ta amfanar mutumin da ke ƙarshen layi in tsakaninsa da kwalta zare ɗaya ne. Abin da nake so in ga hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, ta tsaya a kansa shi ne na cikin gida. A haɗa Madawa da Buza da Keita da Tawa da igiya, ta zagayo ta haɗu da ta kwalta, ta zama zobe. In ta tsinke ta kudu, saƙo ya bi ta arewa, daidai yadda direba ke yi. Sannan a wajabta wa kamfanonin nan huɗu, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, cewa ranar da turken ɗaya ya mutu a wani gari, na ɗayan da ke raye ya karɓi mutanensa, ko da kira da gajeren saƙo ne kawai, su yi lissafi tsakaninsu daga baya. Wayoyinmu sun iya wannan, shi suke yi duk lokacin da muka tsallaka iyaka. A watan Nuwamba na 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu kan yarjejeniyar sauƙaƙa wa matafiyi amfani da SIM ɗinsa a ƙasashen uku. In an iya daidaitawa da Bamako da Wagadugu, ban ga abin da zai hana a daidaita tsakanin turaku biyu da ke kallon juna a kan tudu ɗaya a ƙasar Buza ba.

Na san abin da za a ce, domin abokin aikina ya faɗa mini a gaban shayi. Ya ce, kai da kake koyarwa a ajin zana, yara uku a littafi ɗaya, kai ne za ka nemi a binne igiyar da za ta kwanta tana jiran ranar tsiya? Maganarsa tana da nauyi, kuma ni ma in aka ba ni zaɓi tsakanin aji na siminti da igiya, sai na yi shiru na ɗan lokaci. Amma amsata biyu ce. Igiya ta biyu ba kwanciya take ba, kullum tana ɗaukar rabin kaya, garuruwan da ta ratsa suna sha daga gare ta, ranar wahala ce kawai take ɗaukar duka. Kuma kuɗin ba daga aljihun lakwal zai fito ba. Kamfanonin da ke karɓar kuɗin katinmu kowace safiya su ne ya kamata a ɗora wa, a cikin sharuɗɗan lasisinsu. Mu da ke gina rumbu muna zuba hatsin da ba za a taɓa ba sai bazara ta yi tsanani, bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba.

Akwai wani gefen da masu murnar ratse ba su cika faɗa ba, shi ne mai zango yana da iko a kanka. Alhajin Galmi mutumin kirki ne, amma yanzu ya san nawa yaron nan ke aiko wa uwarsa, kuma da ya ga dama da ya ce sai gobe. Haka kwamfutar da ke tsakaninka da wanda kake kira. Ko da an kulle maganarku yadda ba ta jin abin da kuke faɗa, ta san wa ya kira wa, da yaushe, da tsawon lokacin. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa Starlink ya kashe maganar. Tun watan Maris na 2025 yake aiki a Nijar da izinin hukuma, kuma na ga amfaninsa da idona: faranti ɗaya da allon hasken rana, gari ya samu intanet ba turke ba igiya. A matsayin hanya ta biyu, babu kamarsa, domin ba ya haɗa wuya da komai namu na ƙasa. Da ni ne mai yanke hukunci, da kowace likita ta karkara da kowane ofishin magajin gari na da ɗaya a ajiye don ranar da rezo ya ɗauke. Amma in muka saki igiya muka rataya duka a kansa, mun koma rijiyar yarinyar nan, wannan karon ma makullin rijiyar yana hannun wani kamfani a Amurka.

Ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka sun ɗanɗana wani nau'in wannan. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda ƴan bindiga, sannan aka bi da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Sabon Birni kuwa ga ta ga Bangi ta ƙasar Madawa. Rezon Nijar ne ya zama zangonsu. Mai SIM ɗinmu ya zama mai daraja a gari, ana bin sa a roƙi minti biyu a sanar da dangi an kwana lafiya ko an yi rasuwa. Waɗanda aka rufe layin dominsu su ma sun san hanyar, wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma talaka ne ya fi kowa shan wuyar rufewar. Mu ma a watan Fabrairu na shekarar, bayan an faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an ɗauke intanet na salula kwana 10. A nan babu dabarar na'ura da ta yi aiki. WhatsApp ya fito da tsari a farkon 2023 wanda ke ba masu sa kai damar kafa ƙananan zanguna don waɗanda aka toshe wa shi, amma ko shi sai kana da ɗan zaren da zai kai ka zangon. In mai gida ne da kansa ya rufe ƙofa, yawan hanyoyin da ke waje ba ya fitar da kai. Wannan kam doka ce maganinsa, wadda za ta fayyace wa ke da ikon rufewa, da wane dalili, na kwana nawa, da wanda zai amsa tambaya a kai.

Kafin manya su motsa, mu a lakwal ɗinmu mun yi ɗan abin da za mu iya. Bara rezo ya ɗauke kwana uku daidai lokacin da ake jiran sunayen ƴan jarrabawa, na hau babur da takardu a cikin riga har Buza, na tarar saura kaɗan a rufe. Tun daga nan muka buɗe wani littafi da kwamitin iyayen yara. A ciki mun rubuta wane tudu ke kama wane layi a garuruwa biyar da ke kewaye da mu, wa ke da babur mai lafiya, wane direba ke tashi wace rana, da lambar mutum biyu a Buza, biyu a Keita, ɗaya a Madawa, waɗanda suka yarda a kira su su isar da saƙo. Sau ɗaya a wata muna kiransu ko ba komai, don mu tabbata lambar na aiki, mutumin kuma bai tafi ci-rani ba. A gwajin farko biyu daga cikin biyar ba su shiga ba, muka sake wasu.

Tsohuwar nan ma ta sa an rubuta mata lambar direban Galmi a bangon ɗakinta da gawayi. Damina ta wanke, ta aiko jikanta in sake rubuta masa a bayan littafinsa na lissafi.